Ruwan da Auta Ya Auna

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da mutanen gida da abokan aikinki na asibiti. Yaya ƙafar? Auta ya ce min har yanzu sai kin dafa bango kike hawa matakalar ɗakin magani. Mu nan lafiya, sai ƙaramar da ta yi fama da tari, shi ma ya lafa.

Za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna bayan shekarun da muka yi sai dai waya. Wayata tana hannun masu bincike, ta maman yara kuma ba na son yin wannan magana a cikinta. Duk cikin dangi ke na zaɓa in faɗa wa. Na san sai an hau har kan kakanni ake gano inda muka haɗu, amma a ɗakinki na yi sakandare, kuma ɗanki Auta a ƙarƙashina yake aiki.

An sauke ni daga shugabancin rukunina. Kanar ya kira ni ofis ya miƙo min takarda, na karanta a tsaye, na sa hannu cewa na karɓa. Abin da ke ciki shi ne hukumar soja na da niyyar sallamata daga aiki ba da son raina ba, kuma an ba ni dama in kawo hujjar da za ta sa a bar ni. Ba kotun soja ba ce, babu ɗauri a ciki. Kwamitin hafsoshi uku da suka girme ni a muƙami za su zauna su saurare ni, su rubuta shawararsu, a aika sama a yanke.

Kin ji labarin ƙaramin sansanin nan na hayin kogi da aka far wa a tsakiyar damina. Ni aka ba ayarin motocin da zai kai musu albarusai da ƙarin mutane. Muka isa mashiga muka tarar ruwa ya shafe kwalbatin, ko bakinsa ba a gani. Na ba da umarni a tsaya sai ruwa ya ja. Na aika saƙo ta rediyo, yanzu hedikwata ta ce saƙon bai iso gare ta ba. Da muka ƙetare washegari, gawa muka je kwasa. Cikinsu har da Sajen da muka daɗe muna cin abinci a kwano ɗaya. Takardar ta ce na yi jinkiri ba dalili, kuma ban cancanci jagorancin mutane ba.

Auta lafiyarsa lau, yana garejin bariki. Shi ne a motar gaba ran nan, shi ya fara cewa ba za a ƙetare ba, saboda haka na ba kwamitin sunansa.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki

*

Manjo,

Takardarka ta iso. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Allah ya ƙara wa ƙaramar lafiya, ka gaida maman yara.

Na karanta ta a ɗakin allura, na sake karantawa a gida, kuma duk yadda na juya ta, a layin ƙarshe nake tsayawa. Ka ba su sunansa.

Kai Manjo ne, da aninai a kafaɗa, da ofis, na kuma san za su ba ka lauya. Shi kofur ne mai igiya biyu, ban da sitiyari bai san komai ba. Na tsufa a aikin asibiti, na san yadda ake yi in majinyaci ya mutu a hannun babban likita. Za a yi zama, a yi ta rubuce-rubuce, a ƙarshe wadda ta riƙe tire ita ake tambaya me ya sa hannunta ya yi rawa.

Da ka zo gidana da akwatin ƙarfe da takalmi wari da wari, ban tambayi ta ina muka haɗa jini ba. Ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba shi nake yi ba. Amma ka tuna ranar da Auta ya ce soja zai shiga. Ni na ƙi. Ubansa bai daɗe da rasuwa ba, shi kaɗai ne namiji a ɗakina. Kai ka zo har tsakar gida da kakinka ka ce in bar maka shi, kana nan. To ga shi kana nan.

Gara ka ji daga bakina. Na kira shi, na ce in sun tambaye shi, abin da ya sani shi ne an ce ya tuƙa ya tuƙa, an ce ya tsaya ya tsaya. Zancen wa ya fara cewa me, ko wa ya duba ruwa, ban yarda ya buɗe baki a kai ba. Ya so ya yi min bayani, na ce in dai ni na haife shi ya yi min shiru. Ban ajiye wayar ba sai da ya ɗaukar min alkawari.

Ina jin tausayinka, Allah ya sani, kuma ina yi maka addu'ar da ka roƙa. Amma ka nemi wani ka jingina da shi.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Shiru ban ga amsa ba. Wataƙila direban motar hayar da na ba takardar ya manta da ita a aljihun mota, ko kuma aiki ne ya sha kanki. Muna nan lafiya. Tarin ƙaramar ya tafi, yanzu haƙori take fitarwa, ba mai barci a gidan.

Bari in ba ki labarin zaman jira. Kullum da safe nakan sa kaki in je wani ɗaki kusa da sito, mai tebur da kujera da fanka da ba ta juyawa. Aikina shi ne in zauna har a tashi. In na shiga wurin cin abincin hafsoshi, sai hira ta koma ta ƙwallo. Ba wanda ya ci min fuska, kowa na gaishe ni, amma daga nesa, kamar mai cutar da ake ɗauka.

Sun ba ni lauya, wani Kyaftin matashi mai fama da gyambon ciki, ga fayil-fayil har kan tagarsa. Mutumin kirki ne. Ya ce hanya biyu ce a gabana. Ko in rubuta takardar ajiye aiki da kaina, a sallame ni da sunana a wanke da haƙƙoƙina, ba zama ba tambaya. Ko in tsaya gaban kwamiti, su kuma ɗaya cikin uku za su ce: a bar ni a aiki, ko a sallame ni da mutunci, ko a sallame ni da tabo, wanda zai bi ni duk inda na je neman aiki. Na tambaye shi in shi ne me zai yi. Ya ce, "Yallaɓai, in ni ne, da tuni na nemi biro."

Maman yara ma haka ta ce. Mun yi kwanaki ba ma haɗa ido a kan maganar. Ta ce yara ba suna za su ci ba. Ban ce ba ta da gaskiya ba.

Abin da ya hana ni shi ne matar Saje. Mun haɗu a shagon bariki, tana goye da jaririn da bai san ubansa ba. Ta gaishe ni har ƙasa, sannan ta ce, "Yallaɓai, da gaske ne kun kwana a bakin ruwa kuna jin ƙarar bindiga?" Na ce da gaske ne. Ta tsaya tana jiran sauran, ni kuma an hana ni yin zancen da kowa. In na ajiye aiki da kaina, abin da takardar nan ta ce shi zai zauna, shi za a gaya wa yaron nan in ya girma.

Sauran direbobin an watsa su wurare masu nisa, mai rediyon kuma an tura shi kwas. Lauya ya nemi a kawo su, aka ce aiki bai ba da hali ba. Auta kaɗai ya rage, amma shi ya ishe ni. Da idona na ga ya tuɓe riga ya shiga ruwan nan da gora a hannu, bai kai tsakiya ba ya iso masa ƙirji, sai da muka jawo shi da igiya. In ya faɗi haka kawai, babu hafsan da zai ce in tura mota cike da albarusai a ciki. Doka ta hana ni magana da shaida, don haka ko gaisawa ba ma yi. Shekaranjiya na hango shi a gareji, da ya gan ni ya sunkuya ƙarƙashin mota. Na ji daɗi da ya san doka.

Mako mai zuwa za a zauna.

Ƙaninki

*

Yaya,

Ina fata kina lafiya. Mu ma da sauƙi.

Takardarki ta iso bayan an tashi daga zaman. Ta yi kwanaki a ofishin masu bincike, don duk abin da aka aiko min sai sun buɗe. Da ta zo da wuri, da na roƙi lauya ya kira ki. Na karanta, na ɗauko kwafin tawa na duba layin da kika ce. Haka na rubuta shi. Shaida nake nufi, Yaya. Kwamitin nan na hafsoshi ne, ba shi da ikon taɓa kofur ko da gashin kansa. Kuma ko mutum ɗari suka ce min a tsaya, umarnin nawa ne, ni zan amsa shi. Ya kamata in yi miki wannan bayani tun farko, na ɗauka a fili yake.

Ga yadda aka yi. A ɗakin taro na hedikwata aka zauna. Dogon tebur da koren ƙyalle, Kanar baƙo a tsakiya, biyu a gefensa, da wani mai ɗaukar magana a na'ura. Lauyan hukuma ya karanta tuhuma, ya kawo littafin rediyo, babu saƙona a ciki. Ya kawo wani hafsan injiniya da ya je ya auna wurin bayan ruwa ya janye, ya ce a ganinsa babbar mota za ta iya wucewa. Na yi nawa bayanin, suka saurara, ba wanda ya katse ni.

Sai aka shigo da Auta. Ya sara, ya rantse, ya tsaya yana kallon bangon da ke bayan Kanar. Lauyan hukuma ya ce, "Wa ya ba da umarnin tsayawa?" Ya ce, "Manjo ne, yallaɓai." Ya ce, "An gwada tura mota ko ɗaya?" Ya ce, "A'a, yallaɓai." Duk gaskiya ne.

Lauyana ya miƙe ya ce, "Kofur, akwai wanda ya shiga ruwan ya auna zurfinsa?" Kanar ya ɗago kai. Auta ya ce, "Ban tuna ba, yallaɓai." Lauya ya sake tambaya ta wata hanya, ya ambaci gora, ya ambaci igiya. Auta ya ce, "An ce in tuƙa na tuƙa, an ce in tsaya na tsaya." Gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan rigarsa. Lauya ya juyo ya dube ni, ya raɗa min cewa zai iya matsa shi, amma in ya tabbata ya ɓoye gaskiya bayan rantsuwa, wannan kam laifi ne da ke kai soja kotu. Na ce ya zauna.

Ba su daɗe a ciki ba. Suka kira mu, Kanar ya karanta: tuhuma ta tabbata, shawararsu a sallame ni, kuma ba da mutunci ba. Ya ce ina da damar rubuta ƙorafi kafin takardu su tafi sama. Ya yi min fatan alheri.

A lokacin ban san dalilin yaron ba, na yi ta zargin an tsorata shi ne a gareji. Yanzu na sani. Ban san wanne ya fi sauƙi ba.

Ƙaninki

*

Ƙanena,

Takardunka biyu rana ɗaya suka iso, ta zaman jira da ta bayan zama. Na karanta su a jere a bakin gado. Ban je aiki ba ran nan, na aika aka ce ƙafa ce.

Ba zan cika ka da ban haƙuri ba, na san ba ya mayar da komai. Tambaya nake da ita. In na rubuta wa Kanar ɗin nan da hannuna, na ce ni na hana yaron magana, za su karɓa? In zuwa ake so, zan hau mota in zo in tsaya gabansu. Na tsaya gaban manyan likitoci, ba su cinye ni ba. Ka tambayar min Kyaftin ɗinka. Ka kuma ce masa ya daina shan shayi ba komai a ciki, shi ke tayar masa da gyambon.

Auta ba ya ɗaukar wayata. Sau ɗaya ya ɗauka, na ce, "Ka je ka gaya musu abin da ka gani, na janye." Ya ce, "Inna, an rufe zaman." Na ce to ka je wurin kawunka. Ya ce da wane ido. Sai ya ce ana kiransa, ya kashe.

Gidana yana nan. Ɗakin da ka zauna ciki buhunan 'yar haya ne a ciki yanzu, rana ɗaya ta isa a kwashe. In sun ce ku tashi, kada ka kai yaran nan gidan haya a garin da kowa ya san fuskarka. Ka gaya wa maman yara ni na ce. In ba ta son ganina ma na gane, zan koma ɗakin baya.

Yayarka

*

Yaya,

Ki yi haƙuri da daɗewar da na yi ban amsa ba. Muna lafiya. Na so in jira har in sami abin faɗa.

Na kai wa lauya maganarki. Ya ce wasiƙar uwa ba hujja ba ce a wurinsu. Abin da zai yi aiki shi ne Auta ya rubuta sabon bayani cewa abin da ya faɗa a zaman ba daidai ba ne, kuma ranar da ya sa hannu a wannan, ranar za a buɗe masa nasa fayil. Auta ya je wurin lauyan da kansa, ba tare da na sani ba, ya ce a ba shi takarda ya rubuta. Lauya ya zo ya tambaye ni. Na ce ko ya rubuta ba zan haɗa da ƙorafina ba. Babu tabbacin zai cece ni, amma akwai tabbacin zai ci shi. Ƙorafin ya tafi ba shi.

Amsa ta dawo daga sama a layi biyu. Sun amince da shawarar kwamiti, sun sassauta abu ɗaya: za a ba ni ɗan abin da na tara na shekarun aiki, amma babu fansho, kuma ba ni da izinin amfani da muƙamin. Saboda haka daga yanzu kada ki rubuta Manjo a bayan ambulan, ba za ta same ni ba.

Sallamar kanta yawo ce. Aka ba ni takarda mai gurabe, kowane ofis sai ya buga hatimi cewa ba ya bi na komai. Ma'ajiyar makamai, asibiti, ɗakin karatu, wurin cin abinci. A sito na mayar da kaki da hula da bel da takalma. Samanjan da ke wurin ni na koya masa harbi yana kurtu. Ya karɓa yana dubawa ɗaya bayan ɗaya bai ɗago ba, da ya zo kan aninai sai ya tura min su baya ya ce ba sa cikin lissafinsa. Na bar su a kan teburinsa. Katin shaida shi ne na ƙarshe, a gabana aka sa almakashi aka raba shi biyu.

Mun bar gidan bariki. Maman yara ta tafi da yaran wurin iyayenta kafin in daidaita. Ba faɗa muka yi ba, amma ba ta ce ga ranar dawowa ba. Ta ce in gode miki da tayin ɗaki. Ni ina wurin wani abokina mai sayar da kayan gyaran mota a bayan tasha, ina kwana a saman shagon, da rana ina taya shi zama. Ki aiko da takarda ta hannunsa.

Ban riƙe ki ba, Yaya. Wasu ranakun nakan tashi da abin a ƙirji, in rasa wanda zan ɗora wa, in ya kai la'asar sai ya sauka.

Ƙaninki

*

Ƙanena,

Lafiya muke. Ba zan tsawaita ba.

Jiya wani abokin Auta ya kira ni a ɓoye. Ya ce an sake buɗe sansanin hayin kogi, ana neman direbobin da za su zauna can, kuma ba wanda yake so. Auta ya je da ƙafarsa ya ba da sunansa. Ba a tilasta shi ba. Na kira shi ya fi a ƙirga, wayar a kashe.

Na san ba ni da bakin roƙonka komai. Amma ba ni da kowa a gidan soja sai kai. Ka yi shekaru a wurin nan, dole akwai wanda ka taɓa yi wa rana. Ka je ka ce a cire sunansa. In ba za a cire ba, ka same shi ka ce masa ka yafe, daga bakinka yake son ji. Ni nawa bakin ya riga ya yi abin da zai yi.

Yayarka

*

Yaya,

Takardarki ta same ni da yamma, washegari da sassafe na tafi bariki.

A ƙofa wani sabon kurtu ne, bai san ni ba. Ya ce wa nake nema, na faɗi sunan hafsan da ke kula da direbobi, wanda muka yi makarantar horo tare. Ya ce in rubuta sunana a littafin baƙi, in ajiye katin ɗan ƙasa, in zauna a benci. Na zauna tare da wata mai kawo wanki da wani mai gyaran famfo. Su aka shigar da su. Ni aka dawo aka ce yallaɓai yana taro. Na ce zan jira. Da rana ta take aka ce ya fita ta ɗaya ƙofar. Na ba da saƙo a rubuce zuwa ga Kanar, aka karɓa aka sa a tire. Na roƙi a kira min Auta daga gareji, suka ce waɗanda za su tafi an killace su tun jiya, ba sa ganin kowa.

Ina nan zaune aka buɗe babbar ƙofa, kurtun ya ce mu matsa gefe. Ayarin ne. Motarsa ce a gaba. Na tashi na tsaya a bakin kwalta inda dole ya gan ni, na ɗaga hannu. Ya gan ni. Ya rage gudu kaɗan, har na ga ya rame, ya aske kansa ƙwal. Hafsan da ke gefensa ya yi masa magana, ya mayar da ido kan hanya. Na faɗa da ƙarfi cewa babu komai tsakaninmu, ya kula da kansa, ya kira ki. Gilashin a rufe yake, ga ƙarar injuna. Ban sani ba ko ya ji.

Na tsaya har motar ƙarshe ta wuce, sannan na koma na karɓi katina.

Lauya ya yi min alkawarin zai sa a kai masa takarda ta jakar da ake aikawa can duk mako. Na rubuta tawa. Ki rubuta taki ki aiko in haɗa, ki yi ta gajeriya, kuma ki ba wani ya karanta miki ita kafin ki rufe.

Ƙaninki